Ƙungiyoyin unguwanni, adana tarihi da tsarin birni a Abuja

Ƙungiyoyin unguwanni su ne haɗakar da mazauna wani yanki suke kafawa da kansu domin kula da al'amuran da suka shafe su baki ɗaya, kamar tsaro, tsabtar muhalli, gyaran hanya, samar da ruwa da kare filayen jama'a. A tsofaffin biranen Arewa irin su Kano da Katsina da Zariya, yawancin wannan nauyi yana wuyan mai unguwa da dattawan masallaci, kuma ana sauke shi ta hanyar aikin gayya. A Abuja lamarin ya sha bamban. Birni ne da aka zana a takarda kafin a aza tubalinsa, ba shi da gwamna, ba shi da majalisar dokoki ta kansa, kuma dukkan ƙasarsa mallakar Gwamnatin Tarayya ce. Wannan ya sa ƙungiyoyin mazauna suka zama babbar kafar da jama'a ke bi su faɗi albarkacin bakinsu a kan abin da za a gina, abin da za a rushe, da abin da ya kamata a bari domin 'yan baya.

Yadda aka kafa birnin

A watan Agustan 1975 gwamnatin Janar Murtala Ramat Muhammed ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin ya duba ko Legas za ta iya ci gaba da zama fadar gwamnati. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa. A ranar 3 ga Fabrairu, 1976 Murtala ya sanar da amincewa da shawarar, kwana goma kafin a kashe shi, kuma Dokar Soja mai lamba 6 ta 1976 ta kafa Babban Birnin Tarayya tare da Hukumar Raya Birnin, wato FCDA. An yanko yankin, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000, daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci.

Haɗin gwiwar wasu kamfanonin Amurka uku mai suna International Planning Associates ne ya tsara babbar taswirar birnin, ya miƙa ta a 1979. Masanin zanen gine-gine ɗan ƙasar Japan, Kenzo Tange, shi ya zana tsakiyar birnin dalla-dalla. Gwamnati ta tare a Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida.

Matsayin unguwa a cikin taswirar

Taswirar 1979 ta kasa ginin birnin zuwa matakai huɗu. Mataki na farko ya ƙunshi tsakiyar birni da Garki da Wuse da Maitama da Asokoro. Na biyu ya haɗa da Utako, Jabi, Wuye, Gudu, Durumi da Mabushi, na uku kuma ya kai ga irin su Gwarinpa, Galadimawa da Lokogoma. Kowace gunduma an kasa ta zuwa ƙananan unguwanni, kowace unguwa kuma an tanadar mata cibiya mai makarantar firamare, shaguna, wurin shan magani da filin wasa, yadda mazauni zai biya ƙananan buƙatunsa da tafiyar ƙafa. Wannan tunani ne ya haifar da rabe-raben da ake kira Area a Garki da kuma Zone a Wuse. Kusan kashi ɗaya cikin uku na filin birnin an keɓe shi ne ga lambuna, duwatsu, bakin rafuka da sauran wuraren da ba a gini.

Masu tsarin sun yi hasashen mutum miliyan 1.6 a shekarar 2000, da kimanin miliyan 3 idan an kammala matakan duka. Ƙidayar 2006 ta samu kimanin mutum miliyan 1.4 a yankin baki ɗaya, sai dai tun daga lokacin jama'a ke ta kwarara, kuma mafi yawansu ba su sami mazauni a gundumomin da aka tsara ba. Sun sauka ne a Kubwa, Nyanya, Karu, Lugbe, Dutse, Mpape da Gwagwalada, wasu kuma suka tsallaka Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa ko Suleja da Madalla a Jihar Neja. Taswirar ta zana unguwa da hanyoyinta da magudananta, amma ba ta bar wa mazaunanta wata kujera da za su zauna a kai idan ana yanke hukunci game da ita ba.

Wa ke da iko da ƙasa

Sashe na 297 na kundin tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan ƙasar da ke Babban Birnin Tarayya. Sashe na 299 ya ba Majalisar Tarayya ikon yi wa yankin doka, ya ba Shugaban Ƙasa ikon zartarwa, sashe na 302 kuma ya ba shi damar naɗa minista da zai riƙe yankin a madadinsa. Kotuna sun sha tabbatar da cewa minista ne kaɗai ke da hurumin ba da takardar mallakar fili a yankin. Ke nan takardar da dagaci ko basarake ya sa wa hannu ba ta kare gida daga rusau, ko da mai gidan ya biya kuɗi da zuciya ɗaya.

Yankin yana da ƙananan hukumomi shida: Birnin Abuja da Kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, kuma jama'a ne ke zaɓen shugabanninsu da kansilolinsu. Yana kuma da sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu. Amma rabon filaye, amincewa da zanen gini da ba da umarnin rushewa duk suna hannun hukumomin da ke ƙarƙashin minista, wato FCDA, Sashen Kula da Gine-gine, Sashen Lambuna da Wuraren Shaƙatawa, Hukumar Kare Muhalli ta Abuja, da cibiyar adana bayanan filaye ta AGIS. Waɗanda mazauna suka zaɓa ba su ne ke riƙe da taswira ba, masu riƙe da taswirar kuma ba mazauna ne suka zaɓe su ba. Wannan giɓi ne ƙungiyoyin unguwanni suke ƙoƙarin cikewa.

Ƙungiyoyin 'yan asalin yankin

Mafi daɗewa a cikin waɗannan ƙungiyoyi su ne na mutanen da birnin ya tarar. Sun haɗa da Gbagyi da Gbari, waɗanda Hausawa suka saba kira Gwarawa, da Gwandara, Gade, Koro, Bassa, Ganagana, Egbura da Amwamwa. Da farko gwamnati ta ƙudiri aniyar kwashe kowa da kowa zuwa wajen yankin, bisa zaton cewa mutanen ba su da yawa. Binciken da masanan Jami'ar Ibadan suka gudanar a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje ya nuna cewa ƙauyukan sun haura 800, kuma kuɗin diyya ya fi ƙarfin abin da aka yi tsammani. A 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta sauya manufa: waɗanda aikin ginin birni ya shafa kai tsaye ne kawai za a tasa.

Tun daga nan manufar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. An mayar da mutanen Wuse zuwa Sabon Wuse a Jihar Neja, aka kai na Maitama Kubwa. A 1992 aka gwada barin ƙauye a inda yake tare da shigar da shi cikin tsarin birni, aka fara da Garki. Bayan 1999 aka koma ga manufar sake tsugunarwa, aka gina gidaje a Apo da Galuwyi-Shere da Wasa. Har yau akwai tsofaffin ƙauyuka a tsakiyar gundumomin birnin, irin su Garki, Jabi, Utako, Mabushi, Durumi, Gishiri da Kpaduma, inda mazauna ke zaune tsakanin jiran tashi da fatan zama.

Kusan kowane ƙauye yana da ƙungiyar ci gaba da ta matasa da ta mata, waɗanda ke aiki tare da dagaci da masu zaɓen sarki. A samansu akwai manyan ƙungiyoyi kamar Ƙungiyar Ci Gaban 'Yan Asalin Abuja da ake kira OIDA, tare da goyon bayan ƙungiyoyin kare haƙƙi irin su CHRICED. Buƙatunsu sun haɗa da diyyar gonaki, filayen da 'ya'yansu za su gina, kare maƙabartu da wuraren bautar gargajiya, da wakilci a gwamnati. A watan Janairun 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci, a ƙarar da lauya Musa Baba-Panya ya shigar, cewa 'yan asalin yankin suna da haƙƙin samun minista. A 2023 aka naɗa Zephaniah Jisalo, tsohon shugaban ƙaramar hukumar Birnin Abuja da Kewaye, a majalisar ministoci.

Ƙungiyoyin rukunin gidaje da gundumomi

Kashi na biyu su ne ƙungiyoyin masu gidaje da 'yan haya a unguwannin da aka tsara. Abubuwa biyu ne suka yawaita su. Na farko, shirin samar da gidaje masu yawa da aka fara a 2000, inda gwamnati ke ba kamfanoni manyan filaye su gina su sayar, bisa alkawarin ita za ta kai manyan hanyoyi da ruwa da wuta. A wurare da dama, kamar Lokogoma da sassan Lugbe, gidajen sun riga ababen more rayuwa isa. Na biyu, sayar da gidajen gwamnati ga ma'aikata da aka fara a 2005, wanda ya mayar da dubban 'yan haya masu gida, ya kuma ɗora musu nauyin gyaran da a da gwamnati ke yi.

Irin wannan ƙungiya takan yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin amintattu, abin da ke ba ta damar buɗe asusun banki da shigar da ƙara da sunanta. Takan karɓi kuɗin wata ko na shekara daga kowane gida, ta biya masu gadi da masu kwashe shara, ta cike ramukan hanya, ta haƙa rijiyar burtsatse, wani lokaci har ta sayi taransifoma. Ta fuskar tsarin birni kuwa, ƙorafe-ƙorafenta sun fi yawa a kan abubuwa uku: mayar da gidajen zama shaguna da otal-otal da wuraren rawa, kamar yadda aka gani a manyan titunan Wuse II, yanka filayen makarantu da lambuna a ba masu gini, da kuma gini a kan hanyar ruwa.

Batun na ƙarshe shi ne mafi haɗari. A watan Yunin 2023 ambaliya ta mamaye gidaje sama da ɗari a rukunin Trademore da ke Lugbe. Hukumar birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin iftila'i, ta yi maganar rushe gidajen da ke kan hanyar ruwa. Ƙungiyar mazauna ta yi zanga-zanga, tana mai cewa gyaran magudanai da faɗaɗa kwalbatoci ne maganin matsalar. Taƙaddamar ta fito da tambayar da ke dawowa a duk damina: idan an sayar wa mutum gida a wurin da bai dace ba, wa zai ɗauki asarar, mai saye, ko kamfanin da ya gina, ko jami'in da ya sa hannu?

Ƙungiyoyin unguwannin da ba su da takarda

Kashi na uku su ne na talakawa da ƙananan ma'aikata da suka sayi filaye a hannun masu gari a gefen tsofaffin ƙauyuka. A nan ake samun ƙungiyoyin masu gidaje, na 'yan kasuwa da na ƙabilu, da sarakunan Hausawa da sauran shugabannin baƙi. Babbar damuwarsu ita ce rusau. A lokacin da Malam Nasir El-Rufa'i yake minista, daga 2003 zuwa 2007, an rushe unguwanni da dama, ciki har da Idu-Karmo da Chika, da nufin dawo da birnin kan ainihin taswirarsa. Wani rahoto da ƙungiyoyin COHRE da SERAC suka fitar a 2008 ya ƙiyasta cewa mutanen da abin ya shafa sun kai 800,000. Gwamnati ta kafa hujja da cewa gine-ginen ba su da izini, kuma wasu sun hau kan hanyoyi da bututun ruwa.

Mpape, wadda ke kan duwatsun da ke kallon Maitama, ita ce misalin da aka fi ambata na tasirin haɗin kai. A 2012 aka ba mazaunanta sanarwar tashi. Suka haɗu suka garzaya kotu, kuma a watan Fabrairun 2017 Babbar Kotun Birnin Tarayya ta yanke hukuncin da ya haramta rusau ɗin kamar yadda aka shirya shi. Hukuncin bai mallaka musu ƙasar ba, amma ya nuna cewa ƙungiyar da ta tsaya da murya ɗaya tana iya tilasta wa hukuma bin ƙa'ida.

Tarihin da ake neman adanawa

Ana yawan ɗaukar Abuja a matsayin birnin da ba shi da jiya, alhali kuwa tarihin yankin ya yi nisa. A Taruga, kusa da Takushara, tonon da Bernard Fagg ya jagoranta a shekarun 1960 ya gano matoyar ƙarfe da mutum-mutumin yumɓu na al'adar Nok, waɗanda suka girmi haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru. A farkon ƙarni na 19 Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya sakamakon jihadi, ya sauka a Zuba. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Da aka ba sabon birnin wannan suna, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Sunayen gundumomin birnin su kansu gado ne. Garki, Wuse, Maitama, Jabi da Asokoro duk sunayen ƙauyuka ne da suka riga taswira, kuma Dutsen Aso yana da matsayi a addinin gargajiya na mutanen da suka zauna a gindinsa. Titunan kuwa wani tarihin suke ɗauke da shi: a Maitama akwai sunayen kogunan duniya kamar Nilu da Amazon, a Asokoro akwai na shugabanni irin su Kwame Nkrumah da Julius Nyerere da Thomas Sankara. Sana'ar ginin tukwane ta fito da sunan yankin ta hannun Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja a 1954, ta rasu a 1984, kuma hotonta ke kan takardar naira 20. Matan Ushafa, inda Shugaban Amurka Bill Clinton ya kai ziyara a watan Agustan 2000, suna riƙe da wannan sana'a har yanzu.

Abubuwan da suka fi saurin ɓacewa su ne waɗanda ba su da katanga: kufai a kan duwatsu, tsofaffin rumbuna, kushewa, kurmi da bishiyoyin da ake girmamawa. Katafila kan share su cikin yini guda, kuma dattawan ƙauye ne kawai suka san inda suke. Akwai kuma gadon sabon birnin kansa, wanda ya fara tsufa: tsohuwar sakatariya da ke Area 1, Babban Masallacin Ƙasa, Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa, Ƙofar Birni, Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa da aka gina domin taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na 1991, tafkin Jabi, da Lambun Millennium da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disambar 2003. Hasumiyar Millennium da cibiyar al'adu da ke jikinta, inda aka shirya kafa gidan tarihi, an fara ginin su a 2006 kuma ba a kammala ba.

Abin da doka ta tanada

Dokoki biyu ne suka fi shafar wannan batu. Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta ba ta ikon neman a ayyana wuri ko gini a matsayin abin tarihi na ƙasa, wanda ba a taɓa shi sai da izini. Dokar Tsara Birane da Yankuna mai lamba 88 ta 1992 kuwa ta tanadi a baje daftarin tsari a bainar jama'a domin su gabatar da ƙorafi a rubuce, ta wajabta wa sashen kula da gine-gine tattara jerin gine-ginen da ke da muhimmancin tarihi ko na zane, ta kuma kafa kotun sauraron ƙararrakin tsarin birni.

Ta nan ƙungiya mai rajista ke da ƙofofi da dama. Tana iya rubuta koke ga Sashen Kula da Gine-gine, ta nemi AGIS ta tantance abin da aka ware wani fili dominsa, ta kai ƙara kwamitocin Majalisar Tarayya masu kula da birnin ko Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, ko ta tafi kotu. Duk waɗannan hanyoyi ne na neman gyara bayan aikin gama ya gama. Babu tanadin da ya sa shawarar ƙungiyar unguwa ta zama sharaɗi kafin a sauya amfanin wani fili.

Yadda wasu biranen suka yi

Birnin Washington na Amurka, wanda shi ma ba jiha ba ne, yana da majalisun ba da shawara na unguwanni tun daga shekarun 1970. Mazauna ne ke zaɓen mambobinsu, kuma doka ta wajabta wa hukumomin birnin su ba ra'ayinsu nauyi a kan sauya amfanin fili da lasisin kasuwanci. Brasilia, babban birnin Brazil da aka buɗe a 1960, UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1987, yana da shekara 27 kacal, abin da ya kare tsarin tsakiyarsa daga sauye-sauye, ko da yake bai hana talakawa komawa garuruwan gefe ba. A gida kuwa, halin da ganuwar Kano ta shiga ya isa darasi: ayyana wuri a matsayin abin tarihi ba ya hana a ci shi da gini idan maƙwabtansa ba su ɗauke shi nasu ba.

Ƙalubale da abin da ke gaba

Ƙungiyoyin suna da nasu rauni. Wasu sukan faɗa rikicin shugabanci da na kuɗi. A rukunin gidaje da yawa masu gida ne ke da ƙuri'a, 'yan haya kuwa sai dai biyan kuɗi. Wasu sukan datse titin gwamnati da ƙofa ba tare da izini ba. Mafi muhimmanci, kashi ukun nan ba su cika zama a inuwa ɗaya ba. Filin da ɗan asali ke kira gonar kakansa, shi ne wanda mai rukunin gidaje ke riƙe da takardarsa, kuma shi ne wanda baƙo ya kafa ɗakinsa a gefe. Wanda ya fi kusa da ofis, shi ake fara saurara.

An yi taron ƙasa da ƙasa na sake duba taswirar Abuja a 1999, kuma a 'yan shekarun nan hukumar birnin ta shiga aikin sabunta ta tare da Hukumar Haɗin Gwiwa ta Japan, JICA. Sabon tsarin zai yanke hukunci a kan makomar tsofaffin ƙauyukan da ke cikin birni, filayen da suka rage ba a gina ba, da unguwannin da suka daɗe ba su da takarda. Abubuwan da ƙungiyoyi da masana tsarin birni suke yawan nema sun haɗa da tattara jerin wuraren tarihi na kowace gunduma tare da dattawan ƙauyuka, buga taswirar kowace unguwa inda kowa zai gani, da sanar da maƙwabta kafin a sauya amfanin fili. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Taswirar 1979 an zana ta ne lokacin da mafi yawan mazauna birnin na yau ba su iso ba, waɗanda ke wurin kuma ba a nemi shawararsu ba. Wadda ake sabuntawa za ta tarar da miliyoyin mutane a ƙasa, da ƙungiyoyinsu, da kaburburan iyayensu.